Tambayoyinku: Ƙararrawar Get Mai Kyamara da CCTV Mai Naɗa a Cikin Gida

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga kyamarorin tsaro, musamman irin waɗanda ke ajiye bidiyo a cikin gida ba tare da biyan kuɗin wata ba. Mun haɗa masu kama da juna wuri ɗaya, mun taƙaita dogayen.

Ƙanena da ke Amurka ya aiko mini da ƙararrawar ƙofa mai kyamara ta kamfanin Ring. Mai gyaran wuta ya ce sai an nemo mata wata 'yar taransifoma, wani kuma ya ce ko ta yi aiki ba za ta ajiye bidiyo ba sai ina biyan kuɗi duk wata. Gaskiya ne? In haka ne, wace iri zan saya?
*Wani magidanci daga Kano*

Malam, duk su biyun gaskiya suka gaya maka. An ƙera irin wannan ƙararrawa ne don gidajen Amurka, inda tun wurin gini ake binne siririn kebul daga bakin ƙofa zuwa wata ƙaramar taransifoma mai ba da wutar AC, yawanci 16V zuwa 24V. Gidajenmu ba su da wannan shiri. Wutarmu 230V ce, in aka jona mata kai tsaye nan take za ta ƙone. Taransifomar da za ka nema sai ta kasance mai karɓar 230V, domin ta Amurka 120V take karɓa. Ka duba bayan ƙararrawar, an rubuta iyakar wutar da take so.

Batun biyan kuɗi ma haka yake. In ba ka biyan kuɗin wata, za ka ga mai sallama a wayarka a lokacin da yake tsaye, amma da ya juya shi ke nan, babu abin da za ka koma ka kalla. Ko ka biya, bidiyon yana tafiya ne rumbun kamfanin ta intanet, don haka ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, ba a naɗi komai ba.

In za ka sayi wata, abu uku za ka nema a jikin kwali. Ta kasance tana karɓar katin microSD ko tana haɗuwa da na'urar naɗa ta NVR. Ta kasance mai PoE, wato kebul ɗaya ne ke kai mata wuta yana kuma ɗauko hoto. Sannan a ga an rubuta ONVIF ko RTSP, alamar ba ta ɗaure ka da manhajar kamfani ɗaya ba. Reolink na da ƙararrawa mai PoE da ke ɗaukar kati har 256GB. Hikvision da Dahua, waɗanda suka fi yawa a kasuwanninmu, suna da na'urorin bakin get masu zuwa da allon bango.

Akwai wurin da ake yawan ruɗar masu saye. Wasu kwalayen an rubuta cewa ƙararrawar mai kebul ce, alhali wuta kaɗai kebul ɗin ke kaiwa, hoton kuwa ta wayifai yake tafiya. Ka juya bayanta: in ba ka ga kafar soka kebul ɗin intanet ba, ba PoE ba ce, ko me mai shago ya ce.

Tsarabar ƙanenka ba ta zama asara ba. Ka sa ta a ƙofar ciki kusa da rauta, ta ishe ka ganin mai ƙwanƙwasawa.

Daga get ɗinmu zuwa falo ya kai mita 60, da katangu biyu a tsakani. Maigidan yakan yi tafiya, ni da yara kaɗai muke zama. Ina so in ga mai sallama, in yi masa magana, ba sai na aika yaro ba. Wayifai ba ya kaiwa can.
*Wata uwargida daga Zariya*

Hajiya, ki cire wayifai daga lissafi. Bulo yana rage masa ƙarfi, ƙarfen get kuma yana tare shi kusan gaba ɗaya. Ko an ƙara masa na'urar faɗaɗawa, zai riƙa zuwa yana ɗaukewa, kuma ba ya tashi ɗaukewa sai lokacin da ake buƙatarsa.

Abin da ya dace da gidanki shi ne na'urar bakin get mai allon bango. Kayan ba su da yawa: na'urar waje mai kyamara da maɓalli, allo mai inci 7 da za a kafa a falo ko kusa da kicin, ƙaramin akwatin raba PoE mai kafa huɗu, da kebul Cat6 na jan ƙarfe zalla. Irin wannan kebul yana aiki lafiya har mita 100, don haka tazararki tana cikin iyaka. Sai dai kada a sayi mita 60 cif. Kebul yana bin gindin katanga, ya hau, ya sauka, ya yi kwana. A auna hanyar da igiya, a ƙara mita 5 a kowane baki. Kada a yarda a yi masa ɗori a tsakiya, musamman a ƙarƙashin ƙasa. Nan ruwa zai fara shiga da damina ta faɗi.

A sa kebul ɗin a bututun roba, a binne kamar santimita 30, ko a bi da shi jikin katanga. Kada ya shiga bututu ɗaya da kebul ɗin wutar gida. In aka bar shi tsirara, rana za ta busar da fatarsa ta tsattsage, ɓera kuma ya ƙarasa.

Amfanin wannan tsari biyu ne a wurinki. Ba ya buƙatar intanet ko kaɗan: ana danna maɓalli allon zai yi ƙara nan take, saɓanin sanarwar waya da kan makara har baƙo ya gaji ya tafi. Kuma ganin ɓangare ɗaya ne, kina ganinsa, shi muryarki kaɗai yake ji.

A kafa na'urar wajen a tsayin mita 1.4 zuwa 1.5, a jikin ginshiƙin bulo, ba a jikin ƙarfen get ba, saboda zafi da girgiza. In get ɗin yana kallon gabas ko yamma, a yi mata 'yar rumfa, kuma a zaɓi wadda ke da WDR na gaske, wato tsarin daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, za ki ga an rubuta 120dB. In babu shi, duk wanda ya tsaya rana na bayansa, baƙar inuwa kawai za ki gani.

Masu sakawa sukan ba da shawarar a haɗa da makullin lantarki don ki buɗe daga ciki. Yana da daɗi, amma a yawancin masu arha, wayoyin da ke buɗe makullin suna bayan na'urar waje ne. Wanda ya san kanta zai kwance ta ya haɗa su, ƙofa ta buɗe. In za a sa, a tambayi mai sakawa a ina abin buɗewar yake, kuma da dare a riƙa danna sakata ta hannu kamar yadda aka saba.

Zan sa kyamara huɗu a shagona. Wani ya ce DVR, wani ya ce NVR. Bambancin kuɗin yana da yawa.
*Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi*

Alhaji, duka biyun na'urorin naɗa ne. DVR yana aiki da kyamarorin da ke amfani da kebul mai zagaye irin na eriya, RG59, kuma kowace kyamara sai an kai mata wutar 12V dabam. Ya fi arha, masu gyaransa sun fi yawa, hoton na zamani kuma ba laifi. NVR yana aiki da kyamarorin IP: kebul ɗin intanet guda ɗaya ga kowace, wuta da hoto tare, kuma galibinsu suna da kafar kati a jikinsu.

Shago ɗaya, kebul bai wuce mita 20 ba, DVR ya wadatar. Gida mai faɗi, ko kana da niyyar ƙara ƙararrawar get daga baya, NVR ne. Ko wanne ka ɗauka, ka sayi mai kafa takwas ko da huɗu kake buƙata yau, domin da wuya a ga wanda ya tsaya a huɗu. Ka kuma yi ƙoƙari kyamarori da na'urar naɗa su zama na kamfani ɗaya. Na kamfanoni dabam-dabam za su nuna hoto ta ONVIF, amma abubuwa irin su bambance mutum da akuya sukan ƙi aiki.

Faifan ajiya mai girman nawa zai riƙe mini bidiyon wata guda?
*Wani mai karatu daga Bauchi*

Lissafin ba shi da wuya. Kowace kyamara tana da adadin bayanan da take turawa a daƙiƙa, ana auna shi da Mbps, kuma za ka gan shi a saitin bidiyo. 1 Mbps yana cin 10.8GB a kwana ɗaya. Kyamara mai megafiksel 4, a tsarin matse bidiyo na H.265, tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, za ta ba da hoto mai kyau a wajen 2 Mbps. Guda huɗu sun zama 8 Mbps, wato kimanin 86GB kullum. Faifai mai 2TB zai riƙe kusan mako uku. In wata guda kake so da ɗan rara, 4TB za ka saya. In ka bar su a tsohon tsarin H.264, kwanakin za su iya raguwa kusan rabi, don haka ka shiga saiti ka tabbatar, kada ka dogara da yadda aka bar shi.

Wasu sukan sa na'urar ta naɗa sai an yi motsi kawai, don faifai ya daɗe. Ba mu goyi bayan haka a kyamarar get da ta bakin shago ba. Gano motsi yakan makara, ka samu bidiyon ya fara bayan mutum ya riga ya ba da baya. A bar muhimman kyamarori suna naɗa dare da rana, a sa alamar motsi a kai don sauƙin nema. Ta sito ko ta bayan gida za a iya bari a kan motsi.

Faifan ya zama irin wanda aka yi don wannan aiki, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. Na kwamfuta ba a yi shi don rubutu awa 24 ba. A kasuwa akwai tsofaffin faifai da aka canza wa takarda. Da an saka, ka buɗe shafin lafiyar faifai a na'urar, mai suna S.M.A.R.T., ka duba awannin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya nuna dubbai ba. Katin microSD shi ma a nemi wanda aka rubuta wa Endurance, irin na SanDisk ko Samsung. Jabun kati yana nuna 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba, yana ta rubutu a kan na baya ba tare da ya nuna wata matsala ba, sai ranar da ka nema ka tarar da wayam. Manhajar kwamfuta mai suna H2testw tana tona asirinsa kafin ka saka.

A unguwarmu wuta ba ta wuce awa shida a rana. Na sayi ƙaramin UPS, amma ko awa ɗaya ba ya kaiwa. Me zan yi?
*Wani ma'aikaci daga Sakkwato*

Malam, UPS ɗin bai lalace ba, iyakarsa ke nan. Ƙaramin UPS irin na kwamfuta batir ɗaya ne a cikinsa, 12V 7Ah, wato wat-awa 84 a rubuce, kuma ba duka ake samu ba. An yi shi ne don ka samu ka kashe kwamfuta, ba don ya kwana yana aiki ba.

Ga yadda za ka auna. Kyamara ɗaya tana cin wat 4 zuwa 8, ta fi ci da dare idan fitilunta sun kunna. NVR da faifansa wat 10 zuwa 15. Rauta kamar wat 8. Kyamara huɗu da sauran kayan, ka ƙaddara wat 50. A awa 24 ya zama wat-awa 1,200.

Batirin inbata na ruwa mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in kana so ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa sha, ita ma inbata tana cin nata. Abin da zai rage bai fi na awa 10 ba. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai girma ɗaya yana yarda a sha kaso 80 zuwa 90 cikin ɗari, zai kai ka wajen awa 17 ko 18. Kai da kake rasa wuta awa 18, kuma awa shida ba lallai ta cika batir ba, sola ce mafita: faranti na wat 400 zuwa 500, a riƙa wanke shi a lokacin hunturu saboda ƙura tana rage masa ƙarfi sosai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jona kyamarori a inbatar gida tare da fanka da talabijin da firji. A bazara fankoki za su shanye batir kafin ƙarfe uku na dare, kyamarori su mutu daidai lokacin da aka saye su dominsa. In da hali, a ware musu nasu batir. UPS ɗinka kuma kada ka ajiye shi: ka sa shi gaban NVR, ya riƙe shi a 'yan daƙiƙun da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta. Kowace ɗaukewar wuta tana sa na'urar ta sake tashi, ta yi minti ɗaya ko biyu ba ta naɗa, kuma yawan katsewar nan shi ke kashe faifai da wuri.

Zafin Sakkwato ma abin lura ne. Batir da NVR su zauna inda iska ke ratsawa. A cikin rufi ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu, babu faifan da zai daɗe.

An sace babur a ƙofar gidana. Kyamarata megafiksel 8 ce, an ga ɓarawon sarai yana turawa, amma da muka zuƙo hoton fuskar ta dagule, ba wanda ya gane shi. An cuce ni ne a kyamarar?
*Wani mai karatu daga Kaduna*

Allah ya mayar da alheri. Mai yiwuwa kyamarar ta gaske ce, inda aka kafa ta da yadda aka saita ta ne suka ba ka kunya.

Akwai ma'aunin da masu wannan sana'a ke bi a duniya, IEC 62676-4. A bugunsa na 2014, ganin cewa akwai mutum a wuri yana buƙatar ɗigon hoto 25 a kowace mita. Gane wanda ka riga ka sani, 125. Tantance fuskar baƙo kuwa, 250. Ɗauki kyamara mai megafiksel 4, faɗin hotonta ɗigo 2,560. Raba da 250, ka samu kusan mita 10. Ma'ana, da zarar faɗin filin da take kallo ya wuce mita 10, ta daina tantance fuska. Ido mai 2.8mm, wanda masu shago suka fi sayarwa saboda yana kwaso fili da yawa, yana kai wannan faɗi a tazarar mita 4 kacal. Mai 4mm yana kaiwa wajen mita 6, mai 6mm kuma kusan mita 10. Taka mai megafiksel 8 ta fi haka da rabi, amma in idonta 2.8mm ne kuma babur ɗin yana mita 12 daga gare ta, abin da ka gani shi ne iyakarta.

Sai tsayi. Don tsoron kada a cire, akan kai kyamara can ƙarƙashin rufi, mita 4 ko 5. Daga nan hula da tsakiyar kai take ɗauka. Mita 2.5 zuwa 3 ya isa ga ta tsakar gida, wadda ke jiran fuska kuwa gwargwadon kusancinta da tsayin mutum, gwargwadon kyanta. Shi ya sa ƙararrawar get take fin manyan kyamarori kama fuska.

In da dare abin ya faru, akwai dalili na uku. Idan haske ya yi ƙasa, kyamara tana rage saurin ƙiftawarta don ta tara haske. Katanga da mota za su fito tar, har ka yi ta yaba ta, amma duk abin da ke motsi sai ya zama kamar hayaƙi. A shiga saiti a hana ƙiftawar yin jinkirin da ya wuce 1/50 na daƙiƙa, in da haske a kai 1/100. Hoton zai ɗan yi duhu, sai a ƙara fitila a wurin, wadda ke haska fuskar mai zuwa, ba wadda ke bayansa ba. Kuma yawan megafiksel a kan ƙaramin allon ɗaukar haske yana ƙara lalata hoton dare. Mai megafiksel 4 da babban allo 1/1.8 ta fi mai megafiksel 8 da ƙaramin allo 1/2.8 gani a duhu, ko da lambar jikin kwalin ta biyun ta fi burgewa.

Abin da za ka yi yanzu: ka bar wannan a matsayin mai ganin fili, ka ƙara ɗaya mai ido 6mm, ka auna ta daidai inda dole mutum ya bi, bakin get ko mashigar lungu. Kafin ka sallami mai sakawa, ka sa yaro ya sa hula ya wuce da sauri da rana, ya sake wucewa bayan isha'i, ku tsayar da hoton ku duba. In kai ba ka gane ɗanka ba, ba za ka gane ɓarawo ba.

Kyamarata ɗaya tana aiki lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Sau biyu ana canza ta.
*Wani mai gidan burodi daga Gusau*

An bar jaki ana dukan taiki. Wuta ce ba ta isar ta. Da duhu ya shiga fitilunta na ganin dare, wato infirared, suna kunna, cin wutarta ya ƙaru, in kebul ɗin siriri ne ko dogo sai ƙarfin ya faɗi, ta mutu, ta tashi, ta sake kunna fitila, ta sake mutuwa. A kebul na jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm², tazarar mita 40 tana zubar da kusan 1.4V idan kyamara na jan rabin amfiya. In kebul ɗin alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda ake kira CCA, asarar ta fi haka da kusan rabi.

A auna wutar a bakin kyamarar da dare, ba a bakin adafta ba. In ta yi ƙasa da 11V, a matso da adaftar kusa ko a sa kebul mai kauri. Gane CCA kuwa, a kankare silin da wuƙa: in cikinsa fari ne, shi ne. Ko a kanga masa ashana, zai lanƙwashe ya narke, jan ƙarfe kuwa ja kawai zai yi. In wutar ta cika amma matsalar tana nan, a buɗe mahaɗar a duba tsatsa. Kowace mahaɗa ta waje tana son akwati mai rufi, kuma a bar kebul ya ɗan yi lilo ƙasa kafin ya shiga, don ruwan sama ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi shi ciki.

Da hunturu hoton dare yana yin fari fat kamar hazo.
*Wata malamar makaranta daga Katsina*

Malama, hasken kyamarar ne ke dukan ƙurar da ke kan gilashinta yana dawowa. Masu murfi kamar ƙwarya sun fi fama da wannan. Masu buɗaɗɗen ido da fitila a gefe sun fi dacewa da ƙasarmu. A goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa duk mako biyu, a share saƙar gizo da ginin zanzaro. In katanga ko silin yana kusa da idon, a ɗan kawar da ita. In akwai fitilar waje mai kwana a kunne, a kashe infirared ɗin gaba ɗaya.

Yaron da ya saka mana shi ya buɗe komai a wayarsa. Yanzu hankalina bai kwanta ba: zai iya ganin cikin gidana?
*Wani Alhaji daga Jos*

Ranka ya daɗe, zai iya, in dai da asusunsa aka yi rajistar na'urar. Ba zargi ba ne, haka tsarin yake: asusun da ya fara ɗaure na'ura a manhaja shi ne mai ita, kai baƙo ne da aka ba aro. Ka kira shi, a gabanka ya cire ta daga asusunsa, ka buɗe naka da lambarka ko imel ɗinka, ka ɗaure ta da kanka. Sannan ka canza kalmar sirrin NVR, ka shiga jerin masu amfani ka goge duk sunan da ba ka sani ba. In gyara ya taso, ka buɗe masa na wucin gadi, ka rufe bayan ya gama.

Kalmar sirri ba abin wasa ba ce a nan. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗa a duniya, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. Ka kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke buɗe wa na'urori ƙofa da kansa, kada ka bari a buɗe wa na'urar ƙofa kai tsaye zuwa intanet, ka riƙa sabunta manhajar cikinta daga shafin kamfanin.

Ka kuma sani cewa naɗa a gida ba ya nufin babu abin da ke fita. A ƙarshen 2022 an gano kyamarorin Eufy, da ake tallatawa da cewa komai a gida yake zama, suna tura ƙananan hotunan sanarwa zuwa rumbun intanet. Duk na'urar da kake kallo daga waya tana magana da wani waje. Wanda ba ya buƙatar kallo daga nesa zai iya zare kebul ɗin intanet daga NVR, naɗa ba za ta tsaya ba. Wanda yake buƙata, ya riƙa kallo a ƙaramin hoto: babban yana cin kusan 900MB a awa a 2 Mbps, ƙaramin bai fi 230MB ba.

Ra'ayinmu a fili yake: kyamara ta tsaya a get, zaure, garejin mota da jikin katanga. Tsakar gida inda mata ke aikinsu da ɗakunan kwana ba wurinta ba ne, ko da kai kaɗai ke riƙe da kalmar sirri. Waya tana ɓata, ana kai ta gyara, yara suna ɗauka.

Maƙwabcinmu ya kafa kyamara a saman benensa, kuma ga alama tana hango tsakar gidanmu.
*Wata mai karatu daga Damagaram*

Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma Alƙur'ani ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. Sau da yawa mai gidan bai ma lura ba, mai sakawa ne ya auna ta yadda ya ga dama. Maigidanki ko wani babba ya same shi cikin mutunci ya nemi ganin abin da take nunawa. In tana hango ku, gyaran minti biyar ne: a sunkuyar da ita, ko a yi amfani da saitin rufe sashe, wanda ke sa baƙin tambari a wurin har cikin abin da aka naɗa. Sunkuyarwar ta fi, domin tambari ana iya cire shi. In ya ƙi, sai a kai ga mai unguwa.

An shiga kantin wani abokina, ɓarayin suka tafi da na'urar naɗar gaba ɗaya. Yaya zan kauce wa haka?
*Wani mai kanti daga Yola*

Ɓarawo yana bin kebul ne ya kai ga na'ura, kuma yawanci a kan tebur yake samun ta ƙarƙashin talabijin. A sa ta a akwatin ƙarfe mai huji-huji da makulli, a ɗaure da bango a ɗakin da ba a shiga, allon kallo kaɗai ya fito fili. A sa kati a cikin kowace kyamara ta IP, a saita ta tana naɗa a kanta ita ma: 64GB a 2 Mbps yana riƙe kusan kwana uku, kuma da wuya ɓarawo ya tsaya kwance kyamara huɗu. Wasu sukan bar tsohon DVR da ya mutu a fili da fitilarsa a kunne, wanda ya zo da gaggawa ya ɗauka ya tafi.

Ka riƙa duba agogon na'urar. A saita shi a GMT+1 ga Najeriya da Nijar. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a cikinta da ke riƙe lokaci. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru, bidiyon ya yi wuyar nema, kuma ya rage ƙarfinsa a matsayin shaida. Sau ɗaya a mako ka koma ka kalli na daren jiya, domin hoto na iya fitowa a allo alhali faifai ya daina rubutu tun watan da ya wuce.

In abu ya faru, a ranar za ka kwafe, kafin sabon bidiyo ya hau kansa. Ka sa filashi, ka zaɓi MP4, ka fara daga minti goma kafin abin zuwa minti goma bayansa, daga duk kyamarorin, har da waɗanda kake ganin ba su kama komai ba. Ka buɗe shi a wata kwamfuta ka tabbatar yana tashi, ka yi kwafi biyu, ɗaya ga 'yan sanda, ɗaya a wurinka.